Kilomita Ɗari Biyun da Jirgi Ya Tsallake

Obiagu, Inugu
6 ga Mayu, 2024

Zuwa ga taubashina Mijinyawa, dillalin shanu a Fatakwal,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Bashira da yara da jikoki. Ya ruwan Fatakwal? An ce mini bana ma har kan gado yake bin ku. Mu nan alhamdu lillahi. Ƙafafun nan ne dai suka ƙi sacewa, kunne kuwa ya riga ni yin ritaya. Don haka ka daina ƙona katinka kana kirana. Ran nan 'yata Mansura ta kara mini waya ta ce ga Kawu Mijinyawa, wallahi ban ji komai ba sai kamar ana suyar ƙosai a maƙwabta. Takarda ta fi mini, in karanta in sake karantawa. Gimba direban albasa ya ce kusan kowane mako yana bi ta Anacha ya gangara wajenku, shi zan riƙa ba wa.

To ga abin da ya sa na ɗauki biro. Zan koma gida, kuma ba ziyara ba, komawa ta gaba ɗaya. Teburina na kasuwar Ogbete na bar wa 'yar maƙwabciyata Ramlatu, ragowar daddawa da kuka na rabar. Shekara arba'in da bakwai ke nan da aka kawo ni garin nan a gaban motar Idi, ina amarya, ko sannu ban iya da yaren Ibo ba. Yau ga shi ina ciniki da shi har in yi faɗa. Amma tun da Idi ya rasu ɗakin ya yi mini faɗi, 'yan'uwa a Ɗambatta kuma sun gyara mini ɗakin Inna. Ina so in yi Babbar Sallah a can.

Rigimarmu da Mansura a kan hanya ce. Ita ta ce sai jirgi, wai likita ya ce zuciyata ba za ta ɗauki zaman mota na yini guda ba. Har wata takarda ta sa aka buga mata, mai nuna nisan filin jirgin Inugu da na Kano, ta sama da ta ƙasa, da na wasu garuruwan ma. Ga ta nan na naɗe maka a ciki, ka ga yadda 'yar taka ta zama malamar lissafi.

Ni kuwa ka san abin da na bari a hanya. Yaron nan da baƙon dauro ya ɗauke mana a cikin mota a shekarar 1983, kuka binne shi a Zangon Maikuɗi, tsakanin Makurɗi da Lafiya. Ɗan fari ne, kunya ba ta bar ni na yi kuka a gabanku ba, balle in tambayi inda kuka sa shi. Duk tafiyar da muka yi gida bayan nan, in mun zo wurin sai Idi ya sassauta gudu ya yi gyaran murya, ni kuma in sunkuyar da kai in yi addu'a a zuci. Ban taɓa cewa ya tsaya ba, shi ma bai taɓa tsayawa ba. Yanzu na tsufa, kunyar ta ƙare, kuma wannan ce wucewata ta ƙarshe.

Kai da Idi kuka ɗauke shi, ɗaya ya tafi. Ka zo Inugu mu ɗauki shatar mota, mu tafi a hankali, ko kwana uku za mu yi. Ba sai na shiga maƙabartar ba. Ka tsaya da ni a bakin wurin ka nuna mini da yatsa, iyakar roƙona ke nan.

Ka gaida Bashira, ka ce ta rage maka gishiri.

Yayarka,
Kubura

Fatakwal
13 ga Mayu

Yaya Kubura, uwar rigima,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Takardarki ta same ni a shagon ɗana Usaini na Kirik Rod, inda nake kashe rana yanzu tun da gwiwa ta hana ni bin shanu har mayanka. Kowa lafiya. Bashira tana gaida ki, ta ce gishirin tana ragewa, ni nake bin bayanta in ƙara. Allah Ya sauƙaƙe ƙafafun.

Maganar komawarki ta taɓa ni, ba zan ɓoye ba. Na ninke takardar, Usaini ya dubi fuskata ya tambaye ni ko rasuwa aka yi. Duk Kudun nan ke kaɗai kika rage mai kirana da sunana kawai ba tare da Alhaji ba.

Kin sa na tuna hanya. Kin tuna okpa, abincin gujjiyar nan na tashar Nain Mail, da kike cewa ba za ki taɓa cin abin da aka naɗe a ganye bai yi kama da alala ba, daga baya ke ce mai sayen goma? Kin tuna yadda Idi yake danna ham tun daga gangaren Makurɗi don masu lemo su san ya iso? In mun tsallake gada ki fito da risho a gindin taya ki dafa mana shinkafa da wake, ni in ce ta yi tauri, ke ki ce ai ba don ni kika dafa ba. Sau biyu na ga kin jefe ni da ludayi a kan hanyar nan. Lokacin mota tana yin kwana biyu, amma ban taɓa jin mun gaji ba.

Sai dai Yaya, hanyar da kika sani ba ita ce yanzu ba. An faɗaɗa wani wurin, wani wurin ya mutu, ga shingaye, ga masu tsayar da mutane ba dalili. Mai lafiya ma sai ya kwanta kwana biyu in ya sauka. Na sa gilashi na karanta takardar Mansura da kyau. Ta ce daga filin jirgin Inugu zuwa na Kano, ta sama kilomita ɗari shida ne da 'yan kai, ta ƙasa kuwa ɗari takwas da wani abu. Ki duba fa, rarar ɗari biyu ke nan aka yafe miki kyauta. Abin da mota za ta yi tun asuba har bayan magariba, jirgi zai yi kafin shayi ya huce. Ni da na ƙarar da ƙuruciyata a saman tirela, da a zamaninmu aka ba mu wannan da hannu biyu za mu karɓa.

Ki bi maganar likita da ta 'yarki. Addu'ar uwa ba ta buƙatar a tsaya a kan kabari, daga Ɗambatta ma za ta isa ga Sagiru, Allah Ya ji ƙansa. Ni kuma kin san lokacin da muke ciki, saura wata guda Sallah, shanu da raguna suna sauka kullum, masu kaya ba su yarda da bakin kowa ba sai nawa. Bayan Sallah in Allah Ya yarda zan zo har Ɗambatta in ci tuwonki mai gudaji.

Ƙaninki,
Mijinyawa

Obiagu, Inugu
17 ga Mayu

Mijinyawa,

Salamu alaikum. Muna lafiya, da fatan ku ma haka. Jiya an ƙara mini ƙwaya ɗaya a kan huɗun da nake sha.

Na karanta takardarka sau uku ina neman inda ka amsa mini, ban samu ba. Na roƙe ka abu ɗaya, ka aiko mini da okpa da ludayi da raguna. Raina ya ɓaci, kuma gara in faɗa maka da in haɗiye.

Tun da lissafi kake so, ni ma na koma kan takardar, don Mansura tana da wata irinta. A ƙasanta akwai Fatakwal da Inugu. Ta sama bai kai kilomita ɗari biyu ba, ta ƙasa ya ɗan haura. Ashe kusa kake haka. Shekara shida rabon da ka taka Obiagu, tun sadakar arba'in ɗin Idi, ni kuwa ina ta kare ka a gaban mutane ina cewa Fatakwal da nisa.

Sannan ka ce an yafe mini ɗari biyu. Ni ban ce a yafe mini ba. Ina aka kai ɗari biyun nan? Ai a cikinsu ɗana yake, a cikinsu muka ci muka sha muka yi salla a gefen titi shekara da shekaru. Wanda ya buga takardar nan bai taɓa sauka ko'ina ba.

Wataƙila ka manta ranar, bari in tuna maka. Da hantsi ne, mun bar Makurɗi ba da daɗewa ba, yana kan cinyata, jikinsa zafi har ta cikin zane nake ji. Kai kana gefen ƙofa kana yi masa wasa da makullin akwati. Da ya yi shiru ni na fara sani, amma na yi tafiyar kusan mil biyar ban ce komai ba, don ina jin in na faɗa za ku karɓe shi. Kai ka lura, ka taɓa Idi. Da muka tsaya a zangon, kai ka miƙo hannu ka ɗauke shi daga cinyata, ba ubansa ba. Na zauna a gaban mota, wata mata ta hau ta zauna kusa da ni da kwanon kunu har kuka dawo da ƙasa a gwiwoyinku. Ko sunanta ban tambaya ba.

Mansura ta riga ta sayi tikiti na takwas ga Yuni. Na ce mata in kawunta ya zo kafin nan, ta mayar musu da abinsu. Ta ce mini da Turancinsu na Kudu, “Mama, you wan kill yourself?”, wai ko so nake in kashe kaina. Na ce ban ji ba, kuma ka san ina da hujja.

Ina jiran ka ko takardarka.

Kubura

Fatakwal
2 ga Yuni

Yaya Kubura,

Bayan gaisuwa da fatan sauƙi. Kada ki ɗauki shiruna a kan raini. Motar Gimba ta lalace a Anacha, ta yi kwana goma sha biyu a gareji, takardarki tana cikin aljihun ƙofa. Shekaranjiya ya kawo mini ita duk ta sha baƙin mai. Mu nan lafiya, sai gwiwar da ta ƙara kumbura da ruwan nan.

Ban manta ranar ba. Babu abin da na manta a cikinta, kuma maganar shekara shida gaskiyarki ce, ba ni da ta cewa. Amma zuwa kafin takwas ga wata ba zai yiwu ba, kuma ko ya yiwu ba zan sa ki a mota ba bayan abin da likita ya faɗa. In wani abu ya same ki a hanyar nan, a hannuna kuma, ba zan iya ɗauka ba. Sau ɗaya ya ishe ni.

Ga dabarar da na yi miki, na kwana biyu ina auna ta. Rarar ɗari biyun nan da ta tsaya miki a rai ba wani abu ba ne illa kwanoni. Mota tana zagaye dutse da rafi, jirgi kuwa yana yanke su, amma alƙibla ɗaya suka fuskanta, duk Kano za su. To daga Inugu zuwa zangon, a lissafinmu na hanya, kashi biyu ne cikin biyar na tafiyar. Takardar Mansura ta ce tafiyar sama awa ɗaya ce da 'yan mintoci. In kin raba, kashi biyu cikin biyar ya kama minti ashirin da biyar. Ki ce a ba ki kujerar taga. Da zarar tayar jirgi ta bar ƙasa ki duba agogo, in minti ashirin da biyar ya cika kina daidai kansa. Ki yi addu'arki a nan. Lokacin Idi ma ai daga cikin mota kike yi, wannan ma mota ce, ta dai fi tsayi.

Na san ba abin da kika roƙa ke nan ba. Allah Ya kai ki lafiya, Ya sa ki iske mutanen gida lafiya. Ki yafe mini abin da na yi miki a zaman Kudu, wanda na sani da wanda ban sani ba.

Ƙaninki,
Mijinyawa

Ɗambatta
22 ga Yuni

Alhaji Mijinyawa,

Assalamu alaikum. Barka da Sallah, da fatan an yi ciniki. Mun iso lafiya. Mutanen gida suna gaisuwa. Wannan takardar zan ba wa masu lodin shanu na kasuwar Lahadi, sun ce sun san shagon Usaini.

Takardarka ta zo mini ana gobe za mu tashi. Na ji haushi, amma na ce tun da ba zai zo ba, bari in karɓi abin da ya bayar. Ban nuna wa Mansura ba. Na ciro agogon Idi daga ƙasan akwati na sa aka saka masa batir, na ɗaura a hannu. 'Yan Obiagu sun raka ni har bakin titi, Mama Nkechi mai gidanmu tana kuka kamar 'yar'uwarta ce za ta tafi. An ba ni kujerar taga kamar yadda ka ce.

Da taya ta bar ƙasa na kafa wa agogo ido. Ban kalli gari ba, ban karɓi abin da suke rabawa ba. Da minti ashirin da biyar ya cika na leƙa, babu komai sai gajimare fari fat. Na ce ba komai, yana ƙarƙashi. Na ɗaga hannu na yi masa addu'a, na kira sunansa da bakina, abin da ban taɓa yi ba tun ranar da aka raɗa masa shi. Na yi kukan da ban yi ba a gaban mota. Har na ji sanyi a raina, har na ce Allah Ya yi wa Mijinyawa albarka.

Ban gama share fuska ba sai na ga jirgi yana sauka. Na tambayi Mansura har mun zo Kano? Ta rubuta mini a bayan tikiti cewa Abuja ce, a nan za mu canja wani jirgin. A wurin jira ta matsa mini sai na faɗa mata dalilin kukan, na ba ta takardarka. Ta karanta. Ba ta so ta faɗa ba, ni na tilasta ta. Ta buɗe taswira a waya ta nuna mini da farce: ga Inugu, ga Abuja, ga layin da muka bi, ga Lafiya can gefe guda, tsakaninsu ya fi kilomita ɗari. Jirgin bai bi ta kansa ba, ko kusa bai je ba. Na biyun ma haka.

Ban san a kan gonar wa na zubar da hawayena ba.

Na san Allah Yana karɓa daga ko'ina, ba sai ka rubuto mini wannan ba, limamin unguwa ma ya faɗa. Abin da ya ƙona mini rai shi ne ka lallaɓa ni kamar yarinyar da ake ba wa alewa don ta bar kuka. In ba ka son zuwa, da ka ce ba ka so. Mun tashi gida ɗaya, na goya ka, ban cancanci lissafi daga wurinka ba.

Ɗakin Inna yana nan yadda ka san shi, sai dai an cire rumbun an sa tankin ruwa. Ba sai ka wahalar da gwiwarka zuwa nan ba.

Kubura

Lafiya
9 ga Yuli

Yaya,

Salamu alaikum. Ina fata jiki da sauƙi. Ki duba saman takardar nan ki ga inda nake rubuto ta. Kwanana shida a nan, a ɗakin wani abokin sana'a da ke kasuwar shanu.

Da na ga kin kira ni Alhaji na san na gama yawo. Zan faɗa miki gaskiya biyu, ta farkon mai sauƙi ce. Wallahi ban yi lissafin nan don in yaudare ki ba. Ban taɓa shiga jirgin cikin gida ba, na Makka kuwa barci na yi. Ni a kaina jirgi titi yake bi daga sama, yana dai yanke kwana. Usaini ya yi mini bayani da zare a kan taswira, na ji kunya irin wadda ban ji ba tun ina yaro.

Ta biyun ita ce mai nauyi. Ban ƙi zuwa don raguna ba, kuma ba don likita kaɗai ba. Ban san inda kabarin yake ba, Yaya. Idi ma bai sani ba. Alamarmu wata ɗorawa ce da kwalbati a gefen hagu. Da aka sake hanyar aka janye ta gefe, ɗorawar ta tafi, zangon ya bar bakin titi. A shekarar 1996 mun taɓa zuwa mu biyu ba kya nan, muka ajiye mota muka yi yini muna nema, ba mu gane komai ba. A gindin motar Idi ya ce in rufa masa asiri, kada ki ji an yi miki rashi sau biyu. Daga nan ya zaɓi wata kwalbatin da ta yi kama da waccan, a nan yake sassauta gudu. Da kika ce in nuna miki da yatsa, sai na rasa inda zan sa kaina. Ko in nuna miki ƙarya ido da ido, ko in tona mamaci. Na gudu na ɓuya a bayan takardar Mansura.

Da takardarki ta zo na hau tirelar da ta sauke shanu za ta koma Arewa. Bashira ta ce na haukace. Na sauka a kwalbatin Idi na fara tambaya. Masu okada duk yara ne, babu wanda ya taɓa jin Zangon Maikuɗi, wani ma ya kai ni gidan mai yana cewa wataƙila nan nake nufi. Kwana uku ina haka. Ran na huɗu a kasuwar Lafiya na zauna shan fura wajen wata tsohuwa, Baiwa sunanta, na yi tambayar don dai kada in yi shiru. Ta ce a can aka aurar da ita. Na ba ta labarin, ta ajiye ludayi ta ce, “Matar da ba ta yi kuka ba? Ni na kai mata kunu, ba ta sha ba.”

Ita ta haɗa ni da jikanta ya kai ni. Zangon yana nan, sunan ne ya canja, suna ce masa Tsohuwar Tasha. Yana kan matacciyar hanyar, kamar kilomita uku daga sabuwa, kuma kwalbatin Idi ta wuce shi da nisa. Limaminsu na yanzu ɗan wanda ya yi wa Sagiru salla ne, ya ce yana saurayi lokacin, yana cikin waɗanda suka yi haƙa. Ya kai ni maƙabartar, ya nuna mini kusurwar gabas inda suke sa 'ya'yan matafiya. Ba zan ƙara miki ko kalma a kan gaskiya ba: ƙasa ta baje, ba a gane wannan daga wancan. Wuri ne mai faɗin tabarma huɗu, liman ya ce yara bakwai ne a ciki kuma namu yana cikinsu, ya rantse a kan haka. Na tsaya na yi masa addu'a, na ce masa uwarsa ce ta aiko ni, ta so zuwa ni na hana.

Ki yafe wa Idi, don tausayinki ya yi. Ni kuwa tsoro ne ya sa ni, ki yi yadda kika ga dama da ni.

Ƙaninki,
Mijinyawa

Ɗambatta
18 ga Yuli

Mijinyawa, sarkin lissafi,

Wa alaikumus salam. Jikin ga shi nan, yau da daɗi gobe babu. Yanzu ko ƙofar gida sai an riƙe ni, don haka maganar in zo da kaina ta wuce, na sani kai ma ka sani.

Na yi kwana biyu ina juya takardarka. A na uku na kama kaina ina dariya ni kaɗai, ina tuna Idi da gyaran muryarsa a kan kwalbatin mutane, shekara ashirin da wani abu, fuska a murtuke. Allah Ya ji ƙansa, na yafe masa. Kai ma na yafe maka, amma da ka faɗa mini tun a watan Mayu da tare muka sha furar Baiwa. Wannan kam zai daɗe yana yi mini ciwo. Ka gaishe ta, ka ce mata kunun ya yi daɗin ƙamshi, maƙogwaro ne ya ƙi.

Ka ba ni labarin liman da kusurwa da tabarma huɗu, amma ka bar abin da na fi son ji. Ranar da kuka tafi da shi rana ta take sosai, ga jikinsa da zafi, abin da na yi ta tunani ke nan a gaban motar. Wurin da inuwa?

Kada ka auna mini, kada ka lallashe ni. Abin da idonka ya gani.

Yayarka,
Kubura

Tsohuwar Tasha
1 ga Agusta

Yaya,

Salamu alaikum. Takardarki ta bi ni Fatakwal, kwana biyu da komawata. Na karanta a tsaye, na sake ɗaukar jakata.

Babu inuwa. Fili ne fetal, ko kargo babu, rana tana dukan wurin tun fitowarta har faɗuwa. Na so in ce miki akwai, har na fara rubutawa na yaga.

Na sayi dashen dalbejiya uku a Lafiya. Liman ya yarda, ya nuna mini bakin shinge ta gabas da ta yamma inda saiwa ba za ta taɓa kowa ba. Ni na haƙa ramukan da hannuna, na kewaye su da ƙaya saboda awaki. Mutanen gidan Baiwa sun ɗauki ban ruwa in damina ta ɗauke. Na yi kwana takwas a nan ina jira in ga abin da za su yi, ɗaya ta bushe, na sake wata.

Liman ya ce sai sun shekara huɗu ko biyar kafin inuwarsu ta kai kusurwar. Ban sani ba ko ni ko ke wani zai kai lokacin. Amma yau da safe na duba, duka ukun sun fitar da sabon ganye.

Ƙaninki,
Mijinyawa